Abin Da Ke Hana Iyayenmu Mata Barci Lokacin Yankewar Al'ada

A cikin darussan kiwon lafiya da a ke koya wa masu shirin zama malamai, akan yi dogon bayani a kan balaga, watau yadda jikin yaro da na yarinya ke sakewa sa'ad da suka tasa. Wannan daidai ne, gama yara za mu koyar. Amma akwai wata sakewa ta biyu da ke zo wa mace bayan ta manyanta, ita kuwa ba a cika maganarta ba saboda kunya. Ita ce yankewar al'ada, lokacin da mace ta ke daina haila gaba ɗaya. Babu ɗayanmu da abin bai shafa ba. Wanda ba shi da uwa mai waɗannan shekaru yana da gwaggo ko inna ko yaya, in kuma an tura shi aiki zai tarad da manyan malamai mata a makarantar, watakila ma shugabar makarantar tana cikinsu. Ɗalibai mata kuwa, in Allah ya ba da tsawon rai, hanyar da za su bi ke nan. Daga cikin wahalolin wannan lokaci mun zaɓi rashin barci, domin shi ne ke bin mace har cikin aji da kasuwa da madafa, ya rage mata ƙarfi da haƙuri, mutane kuma su yi ta yi wa halinta fassara iri iri.

Mene Ne Yankewar Al'ada?

Ko wace mace tana da ma'ajin ƙwai guda biyu, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu. Ban da ajiye ƙwai, suna zuba waɗansu sinadarai biyu cikin jini, likitoci suna kiran ɗaya istirojin, ɗaya kuma furojestaron. Su ne ke tafiyad da al'ada wata wata, su shirya mahaifa don ɗaukar ciki. Da iyakar ƙwanta a ke haifuwar mace, daga nan sai raguwa. Sa'ad da ƙwan suka kusa ƙarewa, sai sinadaran nan su shiga hawa da sauka ba tsari, daga bisani su yi ƙasa su zauna. Shi ya sa al'ada ta kan fara rikicewa, wani wata ta zo da wuri, wani wata ta tsallake, wani lokaci jinin ya yi yawa, wani lokaci ɗan kaɗan. Wannan rikici ya kan ɗauki shekaru kafin ta ɗauke ɗungum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata su kan kai wannan matsayi tsakanin shekara 45 da 55. Ba a tabbatad da cewa al'ada ta yanke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, kafin nan kuwa tana iya ɗaukar ciki. Wadda tata ta ɗauke tun ba ta kai 40 ba, ya kamata ta ga likita. Wadda aka yi wa aiki aka cire mata ma'ajin ƙwan nan duka biyu, ita tata farat ɗaya ta ke yankewa, alamun kuma su kan zo mata da ƙarfi. A lura fa, yankewar al'ada ba cuta ba ce, mataki ne na rayuwa kamar balaga. Sai dai matakin yana da wahalolin da a ke iya sauƙaƙawa.

Yadda Barci Ya Ke

Kafin mu ga abin da ke ɓata barci, bari mu san yadda ya ke. Barci hawa hawa ne. Mutum ya kan fara da gyangyaɗi, ya shiga barci marar nauyi, ya nutse cikin mai nauyi, sa'an nan ya taso zuwa wanda a ke yawan mafarki a ciki. A 1953 ne waɗansu masana biyu na Jami'ar Shikago a Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka gano wannan hawa na mafarki, da suka lura idon mai barci yana motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa. Zagaye ɗaya na hawan nan duka ya kan ci kamar minti 90, a dare guda kuma akan yi zagaye 4 zuwa 6. A ƙarshen ko wane zagaye mutum ya kan ɗan farka ya juya, ya koma, da safe bai ma tuna ba. Babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye.

Abu biyu ke jawo barci. Na fari, daɗewar da mutum ya yi ido biyu, gama tun daga tashinsa da safe bukatar barci ta ke taruwa kamar ruwa a randa. Na biyu, wani agogo da ke cikin ƙwaƙwalwa, mai bin haske da duhu. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa ta kan saki wani sinadari mai suna melatonin, zafin cikin jiki kuma ya ɗan sauka, sai barci ya samu ƙofa. Ku riƙe maganar saukar zafin nan, a kanta yawancin bayaninmu zai rataya. Har wa yau, duk wanda ya manyanta, namiji ko mace, barcinsa mai nauyi ya kan ragu, ƙaramin abu ya tashe shi.

Zafin Da Ke Tasowa Cikin Dare

Babban abin da ke tashin mace a wannan lokaci shi ne wani zafi da ke taso mata ba zato, daga ƙirji ya hau wuya da fuska, kamar an buɗe mata bakin tanderu. Gumi ya karyo, zuciya ta yi ta bugawa, bayan minti 1 zuwa 5 ya lafa, sai kuma ta ji sanyi saboda tufafinta sun jiƙe. Kusan mata uku cikin huɗu su kan gamu da shi, da rana ko da dare.

Ga dalilinsa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri wanda aikinsa tsaron zafin jiki, kamar mai gadi. In jiki ya yi zafi ƙwarai ya sa a yi gumi, in ya yi sanyi ƙwarai ya sa a yi makyarkyata, tsakanin biyun kuma akwai fili mai faɗi inda ba ya cewa kome. To, da istirojin ya ragu sai filin nan ya ƙuntata, mai gadi ya zama mai firgita. Ɗan ɗumin da a da ba ya kula da shi, yanzu sai ya ɗauke shi gobara, ya buɗe jijiyoyin jinin fata, ya saki gumi. Mace ta farka a jiƙe, ta tashi ta sake zane, ta koma ta kwanta, barci kuwa ya riga ya gudu.

Akwai wani babban bincike da a ke kira SWAN, wanda aka yi shekaru ana bin lafiyar dubban mata a Amurka. A rahotonsa na 2003, cikin mata fiye da 12,000 masu shekara 40 zuwa 55, an sami 38 cikin 100 suna kukan wahalar barci, a cikin waɗanda al'adarsu ta kusa ɗaukewa kuwa abin ya kai wajen 45 cikin 100. A rahoton 2015 aka nuna cewa cikin matan da zafin nan ke yawan taso wa, rabi sun haura shekara 7 suna fama da shi, baƙaƙen mata na can kuwa har shekara 10. Ashe mai cewa mace ta yi haƙuri abin na 'yan watanni ne bai faɗi daidai ba.

A ƙasarmu yanayi ma ya kan ƙara wa wutar itace. A Arewa, cikin bazara, wajen Maris da Afrilu, ɗakin kwano ya kan riƙe zafin rana har tsakar dare. A Kudu kuwa, kamar Ikko da Badun da Fatakwal, iska tana da laima, gumi ba ya saurin bushewa, ga shi sai gumi ya bushe ya ke sanyaya jiki.

Sauran Masu Satar Barci

Akwai matan da ba su jin zafin nan ko kaɗan, duk da haka barci ya gagare su. Ga waɗansu dalilai.

Fitsari. Raguwar istirojin ta kan sa fatar mafitsara da ta gaba su yi siriri su bushe, mace ta riƙa jin fitsari a kai a kai, ta tashi sau biyu ko uku kafin asuba.

Damuwa. Hawa da saukar sinadaran nan yana taɓa zuciya, ya kawo saurin fushi, ko fargaba, ko baƙin ciki ba dalili. Ga shi kuma shekarun nan ne nauyi ke haɗuwa a kan mace, ga kuɗin makarantar yara, ga aurad da 'yammata, ga jiyyar tsofaffin iyaye, wata ma a lokacin a ke yi mata kishiya. Da rana aiki ya kan danne tunani, da dare sai ya taso.

Minshari. Bayan yankewar al'ada mata da yawa su kan yi ƙiba, naman maƙogwaro kuma ya saki. Wata in ta yi barci hanyar iska ta kan toshe, numfashi ya tsaya na 'yan daƙiƙoƙi, ta zabura ta ja iska ta koma, a yi ta haka har gari ya waye ba ta sani ba. Da safe ta tashi da ciwon kai da gajiya. Wannan cuta ce, tana da alaƙa da hawan jini, kuma tana da magani.

Ƙafafu. Wata da ta kwanta sai ta ji kamar kiyashi na bin cikin ƙafafunta, ba ta samun sauƙi sai ta motsa su ko ta tashi ta taka. Sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki ke jawo haka, mace kuwa da ke zubad da jini mai yawa kafin al'ada ta ɗauke tana cikin haɗarin wannan ƙaranci.

Goro da shayi. A cikin goro, da shayi, da kofi, da baƙin lemon kwalba irin Coca-Cola akwai sinadarin kafeyin mai korar barci. Sai an yi kamar sa'a 5 kafin jiki ya fid da rabin abin da aka sha. Ke nan goron da aka ci da magariba yana nan yana aiki tsakar dare. Abin tausayi, wadda ba ta yi barci jiya ba ita ce ke ƙara cin goro yau don ta iya aiki, goron kuma ya hana ta barcin yau.

Daga ƙarshe rashin barcin ya kan zama jiki. Mace ta kwanta tana tsoron kada yau ma a kwana ido biyu, tsoron kansa ya hana ta barci, har ya zamana ganin gadon kaɗai ya isa ya tayad da hankalinta. In abin ya kai dare 3 a mako, har wata 3, kuma yana ɓata mata aikin rana, likitoci suna lissafa shi cuta mai zaman kanta wadda ke bukatar magani.

Kada A Ɗora Wa Yankewar Al'ada Kome Da Kome

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, a nan kuwa kuskure iri biyu a ke yi. Waɗansu ba su san da yankewar al'ada ba, sai su ce zazzaɓin cizon sauro ne, a yi ta ɗura wa mace magani ba gwaji, ko su ce iska ce ko sammu, a yi ta kashe kuɗi a banza. Waɗansu kuma sun san da ita, sai su jingina mata duk abin da ya sami mace, har wata muguwar cuta ta ɓuya a bayanta. Lalle a tafi asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Gumin dare tare da tari na mako 2 ko fiye, da rama, da zazzaɓi. Yana yiwuwa tarin fuka ne, gwajinsa da maganinsa kuwa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Nijeriya.

Ganin jini, ko da ɗigo ne, bayan an yi wata 12 ba al'ada. Yawanci dalilin ƙarami ne, amma wani lokaci alamar sankarar mahaifa ce, wadda in an kama ta da wuri a ke iya warkarwa.

Yawan fitsari tare da ƙishirwa da rama, gama alamun ciwon sukari ke nan.

Bugun zuciya da rawar hannu da rama alhali ana cin abinci sosai. Wannan ya kan fito daga halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura a ke kira maƙoƙo.

Baƙin cikin da ya wuce mako 2, mace ta daina jin daɗin kome, balle in ta fara cewa ta gaji da duniya.

Abin Da Za A Iya Yi A Gida

1. A tsai da lokacin tashi guda ɗaya kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Da wannan a ke saita agogon ƙwaƙwalwa. Fita cikin hasken safiya ma yana taimakonsa.

2. A sanyaya wurin kwana. A buɗe taga, a kunna fanka in akwai wuta, in babu a ajiye mafici da ruwan randa kusa. In ana kwana a tsakar gida lokacin zafi, kada a bar gidan sauro. Katifar soso tana riƙe zafi, saboda haka a shimfiɗa mata zanen auduga, ko a sauka kan tabarma.

3. A kwana da tufafin auduga marasa nauyi, a ajiye wani zane a gefe don sakewa ba sai an kunna fitila an yi ta nema ba. Watsa ruwa kafin a kwanta yana da amfani.

4. Goro da shayi da kofi, a tsai da su daga azahar. Abinci mai nauyi ko mai yaji da yawa, da abin sha mai zafi, su kan tayad da zafin nan ga waɗansu mata, sai a ci abincin dare da wuri. Taba tana ƙara shi, giya kuma tana farfasa barci.

5. A sha ruwa sosai da rana, a rage shi in dare ya yi, a yi fitsari kafin a kwanta.

6. A motsa jiki, ko da tafiyar minti 30 ce da sauri sauri a yawancin kwanakin mako. Tana gyara barci, ta rage ƙiba, ta ƙarfafa ƙashi.

7. Ƙailula kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kada kuma a yi ta bayan la'asar, don kada a kwashe ruwan randar nan kafin dare.

8. In an kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, kada a yi ta juyi. A tashi a zauna cikin haske kaɗan, a yi wani abu mai kwantad da hankali, sai an ji barci a koma. A ajiye wayar hannu nesa, a kuma bar duban agogo.

Taimakon Asibiti

In an yi waɗannan abin bai yi sauƙi ba, akwai taimako iri uku. Na fari horo ne ba na ƙwaya ba, wanda masanin halin ɗan Adam ko ma'aikacin lafiya da ya koya ke bayarwa cikin zama 6 zuwa 8. Akan koya wa mace ta daidaita lokacin da ta ke yi a gado da ainihin barcin da ta ke samu, ta kuma rabu da tsoron dare. A 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce da wannan ya kamata a fara wa duk babban da rashin barci ya daɗe masa.

Na biyu, mayar wa jiki da istirojin, ta ƙwaya, ko ta man shafawa, ko ta wani ɗan manne da a ke liƙawa a fata. Babu maganin da ya kai shi kwantad da zafin nan. Wadda ke da mahaifa dole a haɗa mata da irin furojestaron, don istirojin shi kaɗai yana iya jawo sankarar mahaifa. A 2002 an tsai da wani babban gwaji a Amurka da aka ga maganin ya ɗan ƙara sankarar nono da daskarewar jini da shanyewar jiki, mata da yawa suka guje shi. Amma matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne. Da aka sake duba lissafin, sai masana suka daidaita a kan cewa ga mace mai lafiya wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da yankewar al'ada ba, amfaninsa ya kan rinjayi haɗarinsa. Wadda ta taɓa yin sankarar nono, ko daskarewar jini, ko shanyewar jiki, ko mai ciwon hanta, ba a cika ba ta shi ba. Likita kaɗai ke yanke wannan hukunci bayan ya duba ta.

Na uku, waɗansu magunguna da ba na istirojin ba. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani sabo mai suna Veozah, wanda ke aiki a kan mai gadin nan na ƙwaƙwalwa kai tsaye, sai dai ana auna lafiyar hantar mai shan sa.

Gargaɗi guda: a guji sayen ƙwayar barci irin Valium a kantin magani ba da takardar likita ba. Jiki ya kan saba da ita har a kasa barci sai da ita, tana kuma sa jiri. Ƙashin mace ya kan yi rauni bayan yankewar al'ada, faɗuwa ɗaya a hanyar bayan gida cikin dare ta isa ta karya mata ƙugu.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malamai a Nijeriya zuwa 65, ko shekara 40 na aiki. Ke nan malama za ta iya shafe shekara 10 ko 15 tana riƙe da alli bayan al'adarta ta yanke, a daidai lokacin da gwanintarta ta nuna. Hasara ce babba makaranta ta rasa irin wannan malama, ko a riƙa kiranta mafaɗaciya, saboda abin da fanka da ruwan sanyi da ganin likita za su iya sauƙaƙawa. Wanda Allah ya ba shugabancin makaranta a cikinku, ya duba ajin da ke da iska, ya ba da izinin zuwa asibiti ba tare da dogon bincike ba. Malamai mata su riƙa tattauna abin a tsakaninsu da wajen taron iyaye, tun da ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar 18 ga Oktoba ta ko wace shekara an keɓe ta a duniya don wayad da kai a kan yankewar al'ada, dama ce ta gayyato nas ko ungozoma ta yi wa mata bayani.

Maza kuma, in kun je hutu kun ga Inna tana zaune tsakar gida cikin dare tana fifita, ko kun ji ta yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ku tuna da abin da kuka karanta. Ku rage mata aiki, ku sa wata 'yar'uwa da ba ta jin nauyinta ta yi mata maganar, in da hali ku kai ta asibiti. Allah ya ba iyayenmu lafiya da barci mai daɗi, amin.